Koren da Na Gani a Bangon Gidanmu

Shekarun baya, bayan rasuwar maigidana na dawo gidanmu na Yakasai da zama, akwai wani ɗan tsakani da na sakankance a raina cewa makancewa zan yi. Yau in ina ba da labarin har ƙwalla nake yi don dariya, amma a lokacin ko tuwo na sa a baki ba na jin ɗanɗanonsa.

Mu biyu ne a gidan, ni da mahaifiyata. Ƙannena mata duk suna ɗakunansu, autanmu namiji kuma yana aiki a Abuja. Ita mahaifiyata ta daɗe da rasa ganinta. Abin nata ya fara ne da ganin zobe kewaye da fitila, mai launi-launi kamar bakan gizo. Ta ce ƙila kwalli ne bai karɓe ta ba, ta canza wani. Daga nan sai gefe da gefe ya riƙa rufewa a hankali, har ya zama sai abin da ke gabanta sak take gani. Ko da aka kai ta asibiti, sai suka ce an makara. To ni na zama idonta. Ni nake zaɓar mata zani da ɗankwalin da suka dace, ni nake tsince mata ƙaya a kifi, ni nake riƙe hannunta in za mu gaisuwa ko barka a lungu. Wanda ya shigo ne kawai ba sai na faɗa mata ba, tun daga zaure take gane mutum da takunsa.

Sana'ata ɗinkin hula, kuma a hannunta na koya tun ban iya ɗaura zani da kyau ba. Boko dai ban yi nisa ba, amma in allura ce, Alhamdulillahi. A ƙarƙashin rumfa nake zama, cikin inuwa, ita tana gefena da carbinta da 'yar rediyonta, muna hira ina cike zane. Ni ba mai yawo ba ce. In ba dole ba, sai in yi wata ban leƙa ƙofar gida ba, labarin unguwa kuwa babu wanda ke wuce ni, don katangarmu ba ta da tsawo kuma kunnena ƙalau yake.

Sai ga bikin autanmu ya taso. Ya aiko masu fenti suka shafe gidan tas. Bangon tsakar gidan nan da na buɗe ido na gan shi ruwan ƙasa, duk da zanen gawayin da muka yi muna yara, ya koma fari fat, har kashe ido yake in rana ta take. Mahaifiyata ta ja hanci ta ce, "Gidan ya koma wari kamar asibiti. Shi ya ce amaryar bango za ta aura?"

Autan ya kira ni a waya ya ce, "Yaya, hular angonci a hannunki take. Ja nake so, ja jawur, wadda za a hango ni tun daga Ƙofar Ruwa."

Na ce, "Kai da shadda fara za ka sa, ka ɗora ja a kai? Za ka fito kamar zakara."

Ya ce shi dai ja.

Ni kuwa yawancin hulunan da nake yi masu sanyin launi ne, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan madara, irin na dattawa. Ban taɓa cike hula guda da ja tsantsa ba. Ga lokaci ya matse. Don haka na bar rumfa na ja tabarmata tsakiyar gida inda haske ya fi, na fuskanci sabon bangon, na duƙufa tun daga hantsi.

Ranar da abin ya fara, na daɗe kaina a sunkuye ina cike jan. Da na zo inda zan zagaye zanen da fari, na miƙa hannu cikin gwangwanin zare na ɗauko farin. Sai na gan shi kore-kore, kamar an tsoma shi a ruwan ganye. Na juya shi, na ɗaga shi sama. Raina ya ɓaci. Na ce lallai an cuce ni a zare.

Ƙawata ce take kawo min zare daga kasuwa. Tare muka yi makarantar allo, yanzu dillanci take yi gida-gida, kuma bakinta ya fi ƙafarta sauri. Da yamma ta shigo, ko sallamarta ban gama amsawa ba na ce, "Ke, wane irin zare kika kawo min? Fari na ce miki, kika kawo min miyar kuka."

Ta karɓa ta duba. "Wannan? Wannan ai ya fi haƙoranki fari."

Na karɓa na duba. Fari ne tas. Na ce ɗazu ba haka yake ba.

"To zare ne mai canza riga? Ko dai tsufa ne ya fara leƙo ki?"

Na nace sai da ta tafi da shi ta sauyo wani daga wani shagon daban. Washegari na zauna, na yi cike na, na ɗauko sabon farin. Kore. A fusace na ɗaga kai zan yi mita, sai idona ya sauka a kan bango.

Jama'a, zanen hular nan ne a jikin bangon. Shi ɗin dai, da lanƙwasarsa da komai, sai dai maimakon ja, kore ne mai haske, yana ɗan lilo. Na kai idona dama, ya bi ni dama. Na kai hagu, ya bi ni. Na runtse ido, yana nan cikin duhun. Can sai ya dusashe ya ɓace kamar ba a yi ba.

Allurar ta faɗi daga hannuna. Abin da ya fara zuwa raina shi ne zoben fitila. Mahaifiyata ma da ganin abin da babu shi ta fara. Na waiwaya na kalle ta tana zaune a rumfa tana jan carbi, fuskarta na kallon inda ba kowa. Na ce a raina, in ni ma na tafi, wa zai ja wa? Wa zai gane mata ƙaya a kifi? Mu biyu mu zauna a gidan nan muna laluben buta?

Ban faɗa mata ba. Ta sha cewa ɗinki ne ya cinye mata ido, kuma ita ta ɗora min allura a hannu. Na san in ta ji, kanta za ta ɗora wa laifi, ta hana kanta barci.

Ƙawata na faɗa wa, a zaure, ƙasa-ƙasa. Ta dafe ƙirji ta ce, "Kore kika ce? Innalillahi. Ke, mutanen ɓoye ne. An shafe musu bango ba a yi musu sallama ba. Shekara nawa suna zaune a katangar nan, rana ɗaya a zo a watsa musu fenti?"

Na ce, "To masu fentin za su bi, ni me na yi musu?"

"Masu fenti sun tafi, ke suka samu a zaune."

Ta kawo min hayaƙi, na turara har mahaifiyata ta tambaya ko kifi ake bandawa a maƙota. Ta kawo wani kwalli wai daga Makka, na rambaɗa har na koma kamar mai shirin rawar biki. Ta ce akwai wani ruwa da wata mata a Gwammaja take ɗigawa a ido, yana da zafi amma yana aiki. Wannan kam Allah Ya taimake ni, tsoro ya hana ni. Duk da haka kullum na zauna da jar hular nan, in na ɗaga kai sai na same shi a bango yana jirana. Wani lokaci a jikin farin kwano, wani lokaci a kan farin mayafin mahaifiyata. Har fuskarta na taɓa gani da kore a kumatu, ranar sai da na shiga ɗaki na yi kuka na share.

Daga nan ne na yanke shawarar da har yau nake jin kunyarta. Na ce tunda abin zai zo, gara in shirya masa. Sai na fara koyon makanta. In na idar da la'asar, sai in rufe ido in taso daga ɗakina in nufi madafa, daga madafa zuwa randa, daga randa zuwa ɗakinta, ina shafa bango. Na ce in na haddace gidan, ko ba ido zan iya yi mana girki. Mace da girmanta, tana tafe hannu a gaba kamar mai kamun kaza.

Ranar da asirina ya tonu, turmi na ci karo da shi. Ƙaurina ya bugu, taɓarya ta faɗi ta daki kwanon wanke-wanke, ƙara ta cika gidan. Na cije leɓe don kada ta ji ni.

Daga rumfa na ji muryarta. "Ke. Turmin nan tun kafin a haife ki yake wurin. Yau ya fara tare miki hanya?"

Na ce, "Santsi ne, Inna."

"Babu santsi. Jiya buta kika shure, shekaranjiya murhu. Kuma tafiyarki ta canza, jan ƙafa kike yi irin nawa. Allurarki ma ba ta tafiya kamar da, sai ki yi ɗinki kaɗan ki tsaya kina numfashi kamar wadda ta ga maciji. Zo nan ki zauna."

Na zo na zauna a bakin tabarmarta. Ban san lokacin da kuka ya ƙwace min ba. Na faɗa mata komai, tun daga zaren da na ce miyar kuka ne har zanen da ke bina a bango. Na ce, "Inna, irin naki ne ya kama ni."

Na ga yatsunta sun tsaya a kan carbin. Sannan ta fara tambaya, ɗaya bayan ɗaya, muryarta ba rawa.

"Kina ganin zobe a jikin fitila?"

"A'a."

"In kina kallon gaba, kina ganin mai wucewa ta gefenki?"

"Ina gani."

"Kanki na sarawa ta saman gira?"

"Sai dai don tunani."

"Koren, da safe kika tashi kike ganinsa, ko sai kin yi ɗinki?"

"Sai na yi ɗinki."

"Wane zare?"

"Ja."

"Yana daɗewa?"

"Ɗan jim, sai ya tafi."

Sai na ga kafaɗunta suna motsi. Na zaci kuka take. Ashe dariya ce, irin wadda rabona da in ji ta yi tun babanmu na da rai. Ta yi har tana tari, tana laluben kofin ruwa.

"Shi ne kike koyon makanta? A gabana? Ai da kin zo na koya miki, ni da na ƙware."

Na ce, "Inna, abin dariya ne?"

Ta ce, "Inuwar zare ce. Ni dai haka nake ce mata, ban san ko tana da wani suna ba. Duk wadda ta ƙura wa ja ido a cikin rana, in ta ɗaga kai ta kalli fari sai ta ga kore. Ni a jikin babbar rigar babanku nake ganinta in an shanya ta a igiya. Ke ba ki taɓa lura ba don a inuwa kike zama, zarenki duk na tsofaffi, bangon kuma ruwan ƙasa ne, yana shanye ta. Yanzu yaron nan ya zo ya kafa miki farin allo a gaba."

Ban yarda ba. Na ce lallashina take. Muna cikin haka sai ga sallamar ƙawata, ta zo jin ko hayaƙi ya yi aiki. Mahaifiyata ta ce, "Yauwa, 'yar gari, shigo. Ba ta hular."

Ta zaunar da ita a tsakar gida inda nake zama, ta ce ta ƙura wa jan ido, kada ta ƙifta, kada ta yi magana.

"Inna, kada in yi magana? Ai gara ki ce kada in yi numfashi."

"To yi ƙoƙari, yau ɗaya."

Ta ƙura. Ina tsaye ina kallonta, ita kuma mahaifiyata tana jan carbi a hankali. Da aka jima ta ce, "Ɗaga kai ki kalli bango."

Ƙawata ta ɗaga kai. Ta yi wurgi da hular ta miƙe zumbur, takalmi ɗaya a ƙafa. "A'uzu billahi! Ga shi nan! Wallahi ga shi nan! Sun dawo kaina!"

Ni kuwa na zauna daɓas a ƙasa ina dariya ina hawaye. Tunda ita ma ta gani, ita da take hango kuɗin cizo a ƙarƙashin gado, to ba ni kaɗai ba ce. Mahaifiyata ta ce mata, "Sai ki je ki turara kanki da ragowar hayaƙin."

Bayan ta tafi, gida ya yi tsit, sai mahaifiyata ta ce, "Amma gobe za ki asibiti."

Na ce ai ta ce ba komai.

"Wannan ba komai ba ne. Amma ni ma haka na zauna ina cewa kwalli ne. Sun ce nawa yana bin jini. Ki je su duba ki, ki dawo ki faɗa min da bakinki."

Na je. Wata likita mai fara'a ta haska min fitila a ido, ta auna abin da za ta auna, ta ce lafiya lau, sai dai in riƙa zuwa ana dubawa saboda tarihin gidanmu. Da na ba ta labarin koren, ta ce haka idon kowa yake: in ya daɗe a kan launi ɗaya sai ya gaji da shi, in ka ɗauke shi zuwa fari sai ya nuna maka wani launin na ɗan lokaci kafin ya huta. Ta ce in riƙa ɗaga kai ina kallon nesa, in daina zama cikin tsakiyar rana. Ta kuma ce da wannan abin ya ƙi tafiya, ko yana zuwa ba dalili, ko da walƙiya-walƙiya, to da gudu ake zuwa. Labarin turmi ne kawai ban ba ta ba.

Hula ta kammala, ango ya sa, kuma ya fito kamar zakaran da na ce. Kowa ya yaba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi zama a raina. Tun daga lokacin, kusan kullum bayan azahar, sai mahaifiyata ta ce in miƙo mata gwangwanin zare. Ta zura hannu ta lalubo ƙulli ɗaya ta ɗaga.

"Wannan fa?"

"Shuɗi ne, Inna."

"To duba min."

Sai in shimfiɗa shi a tafin hannu in ƙura masa ido, sannan in kalli bango. Kafin in buɗe baki ta riga ni: "Ruwan goro zai zo." In ce ya zo. In rawaya ce ta ce shuɗi-shuɗi, in kore ne ta ce ruwan hoda, in baƙi ne ta ce zai yi haske ya fi bangon fari. Ba ta taɓa kuskure ba. Wani lokaci daga nan sai hira ta ɓalle, ta tuno wata atamfa da ta sa ranar sunana, ko launin akwatin da aka kai ta da shi gidan babanmu, ta riƙa kwatanta min su kamar jiya ta gan su. Ni a zatona kewar launi take yi, tana aron idona ta ɗan leƙa. Wata rana ma na ce mata, "Inna, tunda kin san abin da zai zo, me ya sa kike tambaya?" Ta ce, "So nake in ji yana nan." Ta juya ta ƙara wa rediyo murya.

Sai bayan ta rasu, Allah Ya jiƙanta, ina zaune ni kaɗai da gwangwanin a cinya, na fahimci abin da take yi. Ni ce 'yar farinta. Irin matan da ne, har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba, balle ta ce min, 'yata, yaya idon naki yau? Bakinta ba zai iya ba. To shi ne ta samo hanya. Kullum sai ta duba ni, a tsakar gida, da zare, ni kuwa ina ganin wasa nake taya tsohuwa.

Yanzu na fara sa tabarau, zura zare a allura ma sai na yi ta fama ina lumshe ido ɗaya. Asibiti ina zuwa kamar yadda aka ce, kuma har yau suna cewa Alhamdulillahi. Bangon ya sha ruwan damina ya dafe, ba fari fat ba kamar da, amma akwai wani gefe kusa da rumfa da ruwa ba ya kaiwa. In hula mai ja ta zo hannuna, nakan yi cike na in ɗaga kai in kalli wajen. In koren ya fito ba na ƙifta ido da wuri, ina barinsa ya gama lilonsa. Kuma ko da ba kowa a gidan, sai na ji bakina ya ce, "Yana nan, Inna."